Ƙafar da Nagoggo Bai Ɗora Ba

Duk wanda ya taɓa faɗowa daga kan babur tsakanin Jibiya da Magama ya san zauren Nagoggo, in shi bai sani ba, waɗanda suka kwashe shi sun sani. Ɗan ƙaramin zaure ne a bayan tasha, da tabarmi shimfiɗe, da damin kara a jingine, da ƙwaryar man shanu da ƙudaje suka mayar gidansu. Nan yake ɗorin karaya tun gashin kansa yana baƙi. Asalinsa mutumin Mazanya ne, wurin kakansa ya gaji sana'ar. Ya dawo Jibiya ne saboda, in ji shi, a ƙauye sai jaki ya ga dama yake karya mutum, a bakin iyaka kuwa kullum akwai mai gaggawa. Bai yi ƙarya ba. 'Yan acaɓa da 'yan dako da direbobin da ba sa jin magana, su ne suka riƙe masa zauren shekara da shekaru.

Sunansa na yanka Yusha'u, amma ko matarsa sai ta yi tunani kafin ta tuna. Goggonsa ce ta yaye shi, ta tafi da shi gidan aurenta a Ɗan Isa, can ɓangaren Nijar, ya yi ƙuruciyarsa rabi can rabi nan, sunan kuwa ya bi shi har furfura. Mutum ne mai kaifin baki. Za ka ga ƙato yana kururuwa a kan tabarma, Nagoggo yana jan ƙafarsa yana tambayarsa, "Lokacin da kake gudu kamar an biyo ka, ni ka yi shawara da ni?" Mutane suna zaginsa a lokacin, in sun miƙe kuma su dawo da zabi da goro.

Ɗansa na fari, Zunnuraini, bai bi ta kan ɗori ba. Karatu ya yi, ya zama malamin Turanci. Da wata ƙungiyar makarantu ta shirya musayar malamai, na Nijar su zo Katsina su koyar da Faransanci, na nan su je can su koyar da Turanci, sai sunansa ya fito, aka tura shi wata makaranta a Maraɗi. Ranar da ya zo sallama ya durƙusa a zaure yana yi wa ubansa bayani, har ya kai ga cewa an yi musu inshorar lafiya da ta hatsari, tun da aikin ƙasar waje ne.

Nagoggo ya yi dariya har da tari. "Maraɗin ce ƙasar waje? Inda nike zuwa gaisuwar mutuwa in dawo in yi la'asar a gida?" Ya goge idonsa. "Kuma inshorar hatsari, ina nan zaune ban mutu ba. To, Allah ya kiyaye hanya."

Shi dai a wurinsa iyaka igiya ce da aka gitta a titi, a sauke ta in ka yi gaisuwa. Ko lokutan da aka rufe ta, bai ga an rufe zumunci ba, an dai ƙara wa mutane nisan zagaye. Abin da ke cikin inshorar nan bai tambaya ba, yaron ma bai ga fuskar ci gaba da bayani ba.

Ana cikin shekara ta biyu, wata safiya wayar Nagoggo ta yi ƙara. Hannunsa duk man shanu, sai matarsa Salmatu ta ɗauka. Muryar mace ce, ta ce ita ce Malama Rabi'a, shugabar makarantar, kuma mushe ya yi hatsari. A can haka ake kiran malamin makaranta, mushe, kalmar Faransanci ce da baki ya lanƙwasa. Salmatu ta san da haka, ta sha yin tsaki a kai, amma ranar da ta ji kalmar tare da hatsari sai ta zauna daɓas a bakin murhu. Da ƙyar Malama ta fahimtar da ita cewa yana da rai, yana magana. Mota ce ta buge babur ɗin da ya hau, ƙafarsa ta dama ta karye dab da gwiwa, yana asibiti, kuma asirans, wato inshorar, za ta ɗauki nauyin komai.

Kowane uba a ranar zai kama hanya. Nagoggo bai je ba. Ɗan fari ne, ba a san uba da rawar jiki a kan ɗan fari ba, ga kuma wani mai karayar cinya kwance a zaurensa da ba ya barin sa. Waɗannan su ne dalilan da ya ba mutane. Wanda bai faɗa ba shi ne, ba zai iya tsayawa a ɗakin masu karaya na asibiti hannunsa a aljihu ba, wani yaro da farar riga yana gaya masa yadda ƙashi yake. Ya ce ai an ce ana kula da shi. Ya koma zaure, ya ɗaure wa wani hannu a karkace, sai da ya kwance ya sake.

Kwanaki suka yi ta tafiya, ba a yi aikin ba. Yau a ce ana jiran kumburi ya sauka, gobe a ce ana jiran kamfanin inshora ya amince, jibi a ce likitan ƙashin yana wani gari. An ce za a tsaga wurin a sa ƙarfe. Wannan magana ta ƙarfe ita ta hana Nagoggo cin tuwo, don a iya saninsa wanda aka shiga da shi ɗakin tiyata da karaya, sai in yana da rabo yake fitowa da ƙafa biyu. Gari kuma bai bar shi ya huta ba. A masallaci, a wurin mai shayi, kowa da irin tasa jajen, kuma duk jajen ƙarshenta ɗaya: ɗan Nagoggo guda, a hannun likita? Wani ma cewa ya yi, da murmushinsa, ko dai karayar ta fi ƙarfin gida ne.

Sai Zunnuraini ya kira da kansa. Muryarsa ta sauya, ta koma ta yaro. Ya ce mutumin da ke gado kusa da nasa, jiya aka fita da shi, yau aka dawo da shi babu ƙafa daga gwiwa. Ya ce likitoci suna tsayawa a kansa suna magana da Faransanci da sauri, yana tsintar kalma ɗaya ya rasa uku. "Baba, ku aiko a ɗauke ni. Don Allah kar ku bari a shiga da ni."

Salmatu tana tsaye tana ji. Matar da tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba saboda kunya, ranar sai da ta kama. "Malam, Zunnuraini ne fa. 'Ya'yan wasu ka tayar, naka za ka bari a yanke?"

Nan Nagoggo ya yanke shawarar da a ganinsa babu wadda ta fi ta hankali. A ɗauko yaro, ya duba da hannunsa. In abin da zai iya ne, ya ɗora. In ya ga ya fi ƙarfinsa, a mayar da shi washegari, inshora ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ina wahalar take? Tafiyar da ba ta kai mutum ya ji yunwa ba. Ya kira Ɗanmaraya, direban da ke jigilar fasinja tsakanin Jibiya da Maraɗi, wanda ya taɓa ɗora wa haƙarƙari, ya ce ya je lokacin da ake barin masu dubiya su shiga, ya fito da shi ba tare da surutu ba. Ɗanmaraya ya ce an gama. Irin aikin da yake so ke nan, wanda ba a tambayar kowa izini.

Ranar kasuwa ce. Nagoggo ya share zaure da kansa, ya fere sababbin karare, ya sa aka wanke tsummoki aka shanya. Salmatu ta ɗora farfesu. Bayan azahar wayar ta yi ƙara, ya ɗauka da saurinsa yana zaton Ɗanmaraya ne, sai ya ji Malama Rabi'a, numfashinta sama-sama.

"Baba, ku kuka aiko aka ɗauke shi? Na zo na tarar da gado wayam."

Ya ce shi ne, kuma kada ta damu, dubawa kawai zai yi, in ta kama gobe a maido shi.

Ta ce, "Baba, ku saurare ni da kyau. Yau da safe amincewar ta zo. Likitan ya iso, gobe za a yi aikin. Asirans ɗin nan ta wanda ke aiki a ƙasar waje ce, tana kansa ne muddin yana cikin Nijar. Da katin aikinsa zai wuce iyaka, za a rubuta ya fita. In ya ƙetare ba da izinin likita ba, ta faɗi, ba ta dawowa. In kuma wani hannu ya taɓa ƙashin, hoto zai nuna, nan ma ta faɗi."

"Ko na kwana guda?"

"Ko na shan ruwa."

Ya ce, "Yarinya, gida fa zai zo. Jibiya."

"Na sani, Baba. Ni ma kakata 'yar Bugaje ce, nan wajenku. Amma su masu asirans ba su san wannan ba." Ta ce za ta tsaya ta roƙi ma'aikatan ɗakin su riƙe gadon zuwa zagayen likita na yamma, iyakar abin da za ta iya ke nan. Ta ƙara da cewa ta ga hoton da idonta, ƙashin ba biyu ya rabu ba, tsagewa ya yi ya shiga cikin gwiwa.

Nagoggo bai tsaya jin ƙarshen maganar ba. Ya katse ya kira Ɗanmaraya, wayar ba ta shiga. Ya sake, ya sake. Sai ya tuna in direbobin nan suka shiga Nijar layin can suke sawa, shi kuwa na nan kaɗai yake da shi. Ta Zunnuraini a kashe. Suna kan hanya, suna nufo shi, kuma shi ya aika.

Bai ce wa Salmatu komai ba. Ya zura takalmi ya fita bakin titi. Mutumin da ya shekara talatin yana gyara ɓarnar babur, bai taɓa yarda ya hau shi ba, ko da wasa. Ranar ya tare na farko da ya gani ya haye, ya ƙanƙame ɗan acaɓan, ya ce Magama, kuma ya yi sauri. Ɗan acaɓan ya waiga ya ga ko wane ne, ya buɗe baki zai yi tsiya, ya ga fuskar, ya fasa.

Bakin iyaka a cike. Manyan motoci sun yi layi, masu tallar ruwa da masu canji suna kai da kawo, ga awaki, ga buhuna, ga hayaƙi. Ya sauka daga babur. Jami'an wurin sun san shi, suka gaishe shi, ya ce ɗansa zai tara a gaba, suka ce ya wuce. Ya taka da ƙafa har ya bar shingen ɓangaren Nijar a bayansa, ya sami gindin wata bedi ya tsaya inda zai ga duk motar da ta fito daga wajen Ɗan Isa.

Tsayuwar nan ita ce mafi tsawo a rayuwarsa. Kowace mota ta ɓullo sai ya fito tsakiyar titi, a yi masa oda, ya koma. Zuciyarsa ta dinga kawo masa abu iri-iri. Ko sun riga sun wuce yana kan babur bai lura ba? Ko Ɗanmaraya, da son yanke irin nasa, ya saki kwalta ya bi ta daji? Ko yanzu haka suna ƙofar gida, Salmatu tana shimfiɗa? Wani mai shayi ya miƙo masa benci, bai ma gan shi ba. Inuwar bishiyar tana ta tsawo, shi kuma yana lissafin yamma a ransa.

Can sai ga ta, tsohuwar motar nan mai ƙofa ɗaya ja, tana tafe a hankali ba kamar yadda ta saba ba. Nagoggo ya shiga gabanta ya ɗaga hannu biyu.

Ɗanmaraya ya leƙo yana dariya. "Baba, har nan? Ai da kun jira, ga mu mun iso."

Zunnuraini yana kwance a kujerar baya, an jingina shi da ƙofa, ƙafar a miƙe cikin wani abin roba mai kama da kwalbati, an naɗe da bandeji. Ya rame, leɓɓansa sun bushe. Da ya ga ubansa sai idonsa ya kawo ruwa, ya yi ƙoƙarin gyara zama don ya gaishe shi.

Nagoggo ya buɗe ƙofa ya durƙusa a kan kwalta. Ya gaya musu abin da Malama ta ce, a gajarce. Ɗanmaraya ya sosa ƙeya ya rage murya. "To mi ya yi zahi? Mu koma baya kaɗan mu bi ta gona. Wa zai rubuta? Ku duba shi a gida, da asuba in maido shi."

Maganar ta shige shi, ba ƙarya. Amma gadon zuwa yamma aka riƙe, kuma ya san abin da hanyar gona za ta yi wa ƙashin da ya tsage. Ya san kansa kuma. In yaron nan ya kwanta a kan tabarmarsa, babu abin da zai hana shi ja.

Ya sassauta bandejin daga sama ya duba. Gwiwar ta kumbura ta yi sumul, fatar ta yi ɗorawa-ɗorawa da baƙi. Ya taɓa yatsun ƙafar, da ɗumi. Ya ce ya motsa su, suka motsa. Ya san irin wannan karaya, ya ɗora ta ba sau ɗaya ba. Ƙashin yana kamawa, mutum ya tashi ya taka, a yi ta yi wa Nagoggo kirari. Sai dai gwiwar ba ta cika komawa ta lanƙwashe ba. Yana ganin waɗanda ya ɗora wa a masallacin Juma'a, can ƙarshen sahu, ƙafa ɗaya a miƙe gefe, suna sujada a karkace. Wasu kuwa sun warke sarai. Bai taɓa sanin wanne zai zama wanne ba sai an kwance kara. Aikin likita kuma bai san komai a kai ba, sai mutumin nan na gadon kusa da aka dawo da shi babu ƙafa.

Mutane sun fara taruwa, kamar yadda aka saba a bakin iyaka. Masu canji, 'yan dako, direbobin da ke jiran layi. Rabinsu sun taɓa kwanciya a zaurensa. Wani ya ce, "Alhamdu lillahi, ta zo hannun mai ita."

Zunnuraini ya kama hannun rigar ubansa. "Baba, ga gida can. Ina hango hasumiyar Magama. Ku kai ni wurin Inna. Ku kun iya, na sha gani."

Nagoggo ya daɗe yana kallon gwiwar. Tsoro ne fal cikinsa, na mayarwa da na wucewa, kuma babu wanda zai tambaya. Da ya yi magana, bai rage murya ba, don ya san in ya rage yaron zai ci gaba da roƙo.

"Wagga ban iya ta ba."

Zunnuraini ya saki rigar a hankali, ya juya fuskarsa ga jikin kujera. Wanda ya yi hamdala ɗazu ya sunkuyar da kai. Nagoggo ya mayar da bandejin yadda ya same shi, ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Juya," ya ce wa Ɗanmaraya.

"Baba, ku fa? In tsayar muku da babur?"

Nagoggo ya girgiza kai. Ya zagaya ɗaya ƙofar ya shiga baya, ya takure a ɗan wurin da ya rage, ya ɗaga ƙafar da abin robar gaba ɗaya ya ɗora a cinyarsa. Ɗanmaraya ya juya kan mota, suka kama hanyar Maraɗi, rana tana dukan gilashin gefe.

Wayarsa ta fara ƙara a aljihu. Salmatu ce, ya sani, farfesu ya nuna. Ba shi da hannun ɗauka. Ɗaya yana ƙarƙashin diddige, ɗaya yana tallafe da ƙwauri. Duk ramin da motar ta faɗa sai yaron ya ja numfashi ta haƙora, shi kuma ya ji abin yana motsi can ciki ta bayan bandeji. Yatsunsa sun riga sun gano inda za su danna da inda za su ja. Ya riƙe su cik.

Sun wuce Ɗan Isa kafin Zunnuraini ya yi magana, fuskarsa har yanzu a jikin kujera.

"Baba, in suka yanke fa?"

Nagoggo ya dubi hanya. Ya gyara riƙon da ya yi wa diddigen, ya ce wa Ɗanmaraya ya bi ramukan a hankali, amma ya ƙara wuta.